Inda Na Kai Wajen Ɗora Layin eSIM a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

'Yan uwa abokan koyo, layin data na eSIM, wato layin da ake ɗorawa a cikin na'ura ba tare da an sanya kati ba, ya fara aiki a kwamfutata a nan Katsina, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne tantance na'urar kanta. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a shagunan garin nan ba su da katin modem na salula, wato abin da ke kama sabis ɗin waya, a cikinsu, ko da kuwa an ga ramin sanya layi a gefensu, domin masu ƙera su kan bar ramin a jikin kowace kwamfuta ta samfurin, modem ɗin kuwa sai wanda ya biya kuɗinsa. Wasu daga cikin kwamfutoci samfurin ThinkPad da Latitude da EliteBook suna da modem ɗin, MacBook kuwa ba ta da shi sam. Kafin ku biya mai shago, ku buɗe saitunan Windows 11, ku shiga sashen sadarwa da intanet. Idan babu ɓangaren salula a wurin, zancen ya ƙare. Idan akwai, ku nemi lambar EID mai alƙaluma 32, wadda ita ce shaidar cewa na'urar tana karɓar eSIM.

Rajista a ofishin kamfanin waya ba ta bambanta da ta layin da aka saba ba: lambar NIN mai alƙaluma 11, hoto da yatsa, sannan a ba ka takarda mai lambar QR, wato zanen da kyamara take karantawa don ɗora layin. Abin lura shi ne layin sai an sauko da shi ta intanet, don haka na jona kwamfutar da datar wayata tukuna. Kyamarar kwamfutar ta yi ta fama da takardar saboda ƙarancin haske, sai da na fita tsakar gida na miƙe takardar sosai ta karanta. Wanda kyamararsa ta ƙi, yana iya rubuta lambar kunnawa da hannu, wadda take farawa da LPA:1$. Kada kuma ku goge layin don gwaji, domin galibi lambar ba ta sake aiki sai an koma ofis.

Saituna biyu na gyara nan take. Na tabbatar Windows tana ɗaukar layin a matsayin mai awon data, wato wanda za ta riƙa taƙaita cin datarsa, ba don haka ba sabunta manhajoji kaɗai ya isa ya cinye kuɗin wata. Na kuma hana shi kama sabis na ƙasar waje, abin da ya shafe mu ƙwarai, tunda mai zuwa Jibiya ko Kwangwalam ta hanyar Daura yana gab da Nijar.

A ganina, mai zama wuri ɗaya wayarsa ta ishe shi. Ribar ta mai yawo ce, wanda batirin wayarsa ba ya jure raba data. Abin da ya rage mini shi ne gwada ƙarfin sabis a hanyar Dutsin-Ma, wajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.