Inuwar da ban gani ba a shafi na 19

Yau na kwashe 'yan komatsaina daga gidan renon nan bayan shekara 4, kuma duk abubuwan da suka faru a wajen ba wanda ya tsaya min a rai kamar maganar littafin ɗan zomon nan. Duk wadda ta yi aikin ta san lokacin barcin rana, an sauke labule kowa na kan 'yar katifarsa, ke kuma kina karanta musu littafi kina ta rage murya har su ɓingire ɗaya bayan ɗaya. Ni ce mai wannan aikin, ni ce kuma nake zaɓar littafin da iyaye za su ara su karanta musu da daddare.

Ranar madam, shugabar gidan renon, ta shigo da kwalin sababbin littattafai ta ce a fara da su yanzu yanzu, don dama ta kafa doka wai ba a maimaita littafi, so take ƙarshen wata ta nuna wa iyaye dogon jerin abin da aka karanta. Na zaro ɗaya, bangon ya yi kyau, na bi rubutun a tsaitsaye ban ga komai ba, ɗan zomo ne ya kasa barci yana zagaya gida yana yi wa kowa sai da safe. Da aka tashi na miƙa wa maman wata yarinya 'yar shekara 3, har ina ce mata wannan kam zai sa ta barci.

Kwana huɗu yarinyar nan ba ta yarda an kashe fitila ba. Kuka, ƙanƙame uwa, har fitsarin kwance da ta daina ya dawo. Da uwar ta zo da littafin, yarinyar da kanta ta buɗe ta ɗora yatsa a shafi na 19. A bayan zomon, ta jikin taga, mai zanen ya sa wata baƙar inuwa mai idanu biyu tana leƙe, rubutun kuwa ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Sai can shafin ƙarshe za ki ga ashe kyanwa ce ta naɗe a ƙarƙashin tagar tana barci, amma ba wanda ya nuna mata, ni ban gani ba uwar ma ba ta gani ba, mu duk idonmu na kan haruffa. Ita kuwa ba ta iya karatu ba, hoton ne karatunta, a wajenta abin nan har yanzu yana bakin taga.

Laifina ne ban musa ba. Amma madam a gaban matar ta juyo ta ce min "ke wa ya ba ki izinin ba da littafin da ban duba ba?" Ita da ta kawo kwalin da hannunta fa. Na ce ki yi haƙuri ma, na haɗiye, wallahi har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni a wuya.

Tun daga ranar ba littafin da yake zuwa gaban yaro sai na bi shi sau biyu. Na farko in karanta da ƙarfi ni kaɗai, inda harshena ya sarƙe to a gaban yara ma zai sarƙe. Na biyu in rufe rubutun da tafin hannu in bi hotunan kawai, lungu lungu, bayan ƙofa, ƙarƙashin gado, fuskar uwa in tana fushi. Yawancin littattafan hotuna shafi 32 ne, minti biyar ya isa, don haka ba wani uzurin rashin lokaci. Kuma ba wai na ce a guji duk abin tsoro ba, yara suna son ɗan tsoro, amma a warware shi a fili kafin a rufe littafin, kuma a bar shi da rana.

Dokar hana maimaici kuwa a ɓoye na dinga karya ta. Yaro in ya ce a sake ba rigima yake ba, sanin abin da zai biyo baya shi ne yake kwantar masa da hankali, kuma kalmar da ta wuce shi jiya yau zai cafke ta. Akwai wani yaro da ba ya ko buɗe baki, a karo na goma sha wani abu na yi shiru a tsakiyar jimla sai ji na yi ya ƙarasa min. Wannan bai shiga jerin madam ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi mai shafin kwali, don a baki zai fara karanta shi, kuma ba a cewa ya yi ƙanƙanta, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tun 2014 ta ce a fara karanta wa yaro tun daga haihuwa. Tambayoyi irin su ina kare, me zai faru, a yi su da rana, da daddare wartsakar da yaro suke yi. Littafin da yake ta zuba wa'azi a kowane shafi yara suna gane shi da wuri, sai ki ga an fara wasa da yatsun ƙafa.

Madam ta ce in jefar da littafin zomon, ban jefar ba. Bayan kamar wata biyu na zaunar da yarinyar a cinyata da rana tsaka, muka fara daga shafin ƙarshe muka ga kyanwar, sannan muka koma baya shafi na 19. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe mage ce, a sake. Yana cikin jakar da na fito da ita yau.