Sanyin Agusta a Minnesota, abin da ya fi ƙarfin rigar sanyi

Wai a ce ƙarshen Agusta mutum ya fito da safe yana laluben rigar sanyi! Haka muka tashi nan jihar Minnesota ta Amurka satin nan, kuma fa a lissafinsu lokacin zafi bai ƙare ba, ko baje kolin jiha da ake yi duk shekara ba a watse ba, amma wallahi da asuba sai ka rantse tsakiyar hunturu ne a Jos.

Nan da nan gidajen talabijin suka ɗauka, gari kaza ya kafa tarihi, gari kaza ya karya rikod. Ni wannan bai cika ɗaga min hankali ba, don kowace rana a kalanda tana da nata rikod ɗin, kowane gari ma da nasa, Minneapolis, birni mafi girma a jihar, kaɗai tun shekarun 1870 ake rubuta ma'aunin zafi da sanyinta, to a irin wannan tulin lambobi ai dole wata rana ɗaya ta faɗi. Kuma yadda abin ke faruwa ba wani sihiri ba ne, busasshiyar iska ce ke gangarowa daga Kanada, dare ya yi sararin sama garau ba gajimare ba iska, duk zafin da ƙasa ta sha da rana ya tsere sama, sanyin kuma da yake yana da nauyi sai ya kwanta a kwari da fadama. Shi ya sa kullum sunan Tower da Embarrass kake ji, ƙananan garuruwa can arewa. A Tower ɗin ne ma aka auna 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait ran 2 ga Fabrairu 1996, kusan 51 kenan a namu na Salshiyas, har yau shi ne rikod ɗin sanyi na jiha.

Waɗanda abin ya dama da gaske manoma ne. Masara da waken suya duk ba su ƙosa ba yanzu, in raɓa ta daskare a kansu dare ɗaya shikenan, wahalar shekara ta tafi. An gani a 2004, wajen 20 ga Agusta, sanyi ya ƙona gonaki daga nan har Saskatchewan ta Kanada. A 1992 kuwa duk lokacin zafin ne ya zo a sanyaye, saboda dutsen Pinatubo da ya yi aman wuta a Filifin a 1991 ya watsa hayaƙi sama ya rage hasken rana.

Wani abokin aikina har yana min dariya wai ina ɗumamar yanayin da ake ta faɗa. Na ce haba malam, safiya ɗaya ce fa a jiha ɗaya, kai da kanka ka kwana da AC a kunne watan jiya. Bai yarda ba, ni ma ban ja ba, shayina na hucewa.