Abin da na koya daga dam ɗin Ma'arib a kwas ɗin ban ruwa

Labarin mutanen Saba'i da gonakinsu biyu, dama da hagu, kowa ya ji shi a islamiyya, amma sai da muka zo kwas ɗin ban ruwa malaminmu ya ɗora mana hoton kufan madatsar a allo, tana nan a Ma'arib ta ƙasar Yaman, ƙofofin ruwanta na dutse har yau a tsaye.

Abu na farko da ya ban mamaki, ba irin dam ɗinmu ba ne mai tara ruwa shekara guda. Wurin hamada ne, ruwan sama can kan duwatsu yake sauka, sai ya gangaro kwarin Adhana da ƙarfin tsiya na ɗan lokaci ya wuce. Su kuma sai suka tare shi da bangon ƙasa mai tsawon kusan mita 600, ruwan ya taso sama ya bi ƙofar arewa da ta kudu ya shiga magudanai, ya shayar da gonaki wajen hekta 10,000. Babu siminti babu inji, kuma abin ya yi aiki sama da shekara dubu.

To amma inda malam ya fi tsayawa, kuma ni ma nan ya zauna min, shine laka. Ruwan ambaliya da laka yake zuwa, ita ce takin gonar, ita ce kuma matsalar, don kullum tana taruwa bayan bango tana cike magudanai, gonakin ma suna ƙara tudu har ruwa ya kasa hawa, dole a yi ta yasa ana ƙara wa bangon tsayi, daga ƴan mitoci har ya kai wajen 14. Wato aikin ba ya ƙarewa, kuma sai da hukuma mai iya tara jama'a duk shekara. Mu ɗalibai lissafin gini muke rububi a kai, maganar gyara kuwa ko a jarabawa ba ma so.

Ana cewa wai ɓera ne ya huda dam ɗin ya fashe, ni dai laka da sakacin gyara na fi zargi. Ya sha fashewa ana gyarawa, har Abrahata, eh shi dai mai giwaye, ya gyara shi wajen shekarar 548 Miladiyya ya sa aka rubuta a dutse. Da ya sake fashewa wajajen 570 ba a samu mai tara mutane ba, jama'a suka watse. Sai 1986 aka buɗe sabon dam kusa da wurin, da kuɗin Sheikh Zayed na Daular Larabawa.