Laulayi a Cikin Trotro

Yau da safe a trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga Nima zuwa kasuwar Makola a Accra, wata ta buɗe ledar waakye, wato shinkafa da wake, da soyayyen kifi. Nan take zuciyata ta tashi, yawu ya cika min baki. Ni da ba na iya wuce mai waakye!

Wata Hajiya da ke gefena ta kwance bakin zaninta, ta miƙo min guntun ɗanyar citta: "Tauna kaɗan-kaɗan, 'yata. Ki daina fitowa ba komai a ciki, ko busasshen burodi ki ci. In ya kai wata 4 yakan lafa."

Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba tukuna, ita kuwa kallo ɗaya ta yi min ta gane. Ragowar cittar na nan cikin jakata.