Litinin: minti biyun da suka ɓace daga nasihar Kaka

Sha ɗaya da rabi na dare, ina shago har yanzu. Janareta na ta ruri a waje, kwamfuta na fitar da kashin farko na bikin, ta kai kashi 60 cikin 100. Tunda jira ya zama dole, bari in rubuta yadda yau ta kasance.

Na fito da sassafe cikin hazo, ko ƙarshen layinmu na nan Tudun Wada ba a hangowa sosai. Niyyata in fara tace aikin bikin da muka ɗauka a Unguwar Rimi, kwana huɗu cur: kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure Juma'a a Masallacin Sultan Bello, wuni da kai amarya Asabar, buɗar kai jiya Lahadi. Na jera na Alhamis da na Juma'a lafiya lau. Ina jawo fayil na ƙarshe a foldar Asabar, wato 00041.MTS, sai manhajar tacewa ta sandare, ta rufe kanta. Na sake buɗewa, na sake jawo shi, haka dai. A karo na uku na bar ta, na buɗe fayil ɗin da manhajar kallon bidiyo ta VLC. Ya tashi: ga amarya a lulluɓe, ƙawaye biyu na riƙe da ita, sun doshi ƙofar falon mahaifinta. Tana ɗaga ƙafa za ta shiga, hoton ya tsaya cak. Babu wani fayil bayansa.

Gabana ya faɗi. Ni da hannuna na ɗauki abin da ya biyo baya, na durƙusa a gefen kujera fiye da minti ashirin. Nasihar Alhaji, nasihar kakar amarya, koke-koken rabuwa, fitar motoci. Duk wanda ya san biki ya san a nan zuciyarsa take. Rawa da liƙi kowa na da su a waya, amma falon uba a daren kai amarya ba kowa ake bari ya shiga ba.

Na kira yarona. Ya ce, "Oga, wallahi na kwafe, ga foldar nan." Na ce, "Da ka kwafe, ka ƙirga?" Ya yi shiru. Daga baya ya faɗa min cewa yana cikin kwafewa daren Asabar aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da daina riƙe caji, ta mutu nan take. Da wuta ta dawo ya kunna, ya ga folda cike da fayiloli, ya ɗauka aiki ya kammala. Ban ɗaga masa murya ba. Ni ne na sa katin a kyamara da safiyar Lahadi na goge shi ba tare da na duba ba, kuma ni ne na san batirin nan ya lalace tun kafin azumi na yi ta cewa sai wani satin. Har minti arba'in na buɗar kai na ɗora a kan katin.

Abu na farko da na yi shi ne zare katin daga kyamara, na ja ɗan makullin da ke gefensa ƙasa don kada komai ya sake rubutuwa a kai. Abin da ya ba ni ɗan ƙwarin gwiwa shi ne sanin yadda gogewa take. Gogewar gaggawa ba ta share hoton kansa, jerin sunayen fayiloli da adireshinsu kawai take sharewa, ta ce wa kyamara ko'ina fili ne. Kamar a yage shafin farko na littafin bashi ne, wanda ke nuna sunan kowa da lambar shafinsa, alhali shafukan na nan. Hoton ba ya tafiya sai an ɗora wani a daidai inda yake kwance. Wasu kyamarorin suna da gogewa iri biyu, ta gaggawa da ta ƙaƙaf wadda ke bin katin gaba ɗaya, kuma Allah ya taimake ni ta gaggawar na danna.

Sai na zauna na yi lissafi a bayan takardar rasit. Katin giga 32 ne. Kyamarata tana ɗauka da tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, kuma a ingancin da nake amfani da shi kati irin wannan yana cin kusan awa uku. Ranar Asabar na kusa cika shi. Minti arba'in na Lahadi za su ci kamar giga 7, kuma bayan gogewa kyamara daga farkon kati take fara zubawa. Ke nan abin da aka danne shi ne hotunan wuni na rana, waɗanda muke da su. Nasihar da aka ɗauka da dare ya kamata tana can ƙarshen kati ba a taɓa ta ba.

Ban yarda in yi aiki a kan katin kai tsaye ba. Na fara kwafe buɗar kan jiya, sannan na yi kwafin katin dungurungum zuwa ma'ajiyar waje da manhajar TestDisk, na mayar da katin cikin ambulan na rubuta "kada a taɓa". A kan wannan kwafin na saki PhotoRec. Manhaja ce ta kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, baƙin allo ne da farin rubutu, babu ado ko kaɗan. Ba ta damu da jerin sunaye ba, bin ma'ajiya take yi daki-daki tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Na cire alamar sauran nau'o'in, na bar na bidiyon kyamara kaɗai don kada ta cika min folda da tarkace.

Ta ɗauki fiye da awa ɗaya. Na je na yi azahar, na dawo, abincin da yaron ya sayo yana nan a rufe ban iya ci ba.

Fayilolin sun fito a folda mai suna recup_dir.1, ba da sunayensu na asali ba, sai harafin f da dogayen lambobi. Muka zauna ni da shi muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha wani abu sai ga falon, ga Alhaji a kujera da carbi, ga amarya ta shigo ta durƙusa. Yaron ya dafe kai yana ta alhamdulillahi. Nasihar uba ta fito cif, ba ko ƙwarzane. Fitar motoci ma ta fito.

A nan na ƙara ganin amfanin irin wannan fayil ɗin. MTS gutsi-gutsi ake zuba shi, ƙananan ƙunshi masu bayit 192 kowanne, a jere, shi ya sa ko an yanke shi a tsakiya abin da ya saura yakan tashi. Da MP4 ne, wanda kyamara kan rubuta jagorarsa sai a ƙarshen ɗauka, rasa wannan jagorar kaɗai ya isa ya hana fayil buɗewa gaba ɗaya.

Sai muka zo kan Kaka. Ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa, ta kamo hannun jikarta mai lalle ta ɗora a gwiwarta. A minti na huɗu hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, kore ya rufe allo, ya yanke. Wani gutsuren ya ɗauko daga inda ta riga ta ɗaga hannu tana addu'a. Tsakaninsu kamar minti biyu babu. Na sake bin kwafin da wani saitin, na buɗe duk wani gutsure ko na daƙiƙa biyar ne, babu.

Na daɗe kafin in gano dalili. Da la'asar ɗin Asabar na ga kati na neman cika, sai na goge wasu ɗauka biyu marasa amfani daga cikin kyamara, na farkon wuni lokacin da ake jera kujeru. Wannan ya bar rami a farkon kati. Da dare, fili ya yi ƙaranci, kyamara ta cusa wani yanki na maganar Kaka a cikin ramin nan. Washegari buɗar kai ta hau kansa. Wannan kam ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Zuciyata ta raya min in haɗe gutsuren biyu, in rufe wurin da hoton fuskar amarya, ba lallai a lura ba. Amma na tuna abin da ya faru a cikin minti biyun nan, domin ina wurin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kira Hajiya uwar amarya na ce ina son ganinta, na tari keke, muka ratsa cunkoson Kasuwar Gumi, muka tsallaka titin Ahmadu Bello zuwa Unguwar Rimi.

Gidan bai gama watsewa ba, manyan tukwane na kife a tsakar gida, ana naɗe tabarmi. Bayan mun gaisa na yi mata barka da taro, na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, laifi na yi, na zo in faɗa da bakina." Na kwashe komai na gaya mata. Ta yi salati, ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Malam, wurin zoben ne ko?" Na ce shi ne. Ta ce tsohuwar ta haura tamanin, daga Zariya aka ɗauko ta, rabonta da doguwar tafiya an yi shekaru, kuma zoben nan na azurfa tun na aurenta ne. Ba ta yi min faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan nauyi a raina.

Muna cikin haka ƙanwar amarya da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "Mama, ai ni na ɗauka a wayata." Ashe tana raɓe bayan labule a daren. Ta ce za ta turo min ta WhatsApp, na ce a'a, a can matse bidiyo ake yi ingancinsa ya ragu. Na fito da igiya da kwamfuta daga jaka na kwafi na asalin a nan take, na buɗe shi a gabansu har ƙarshe kafin in tashi.

Na dawo shago bayan magariba, sai wata sabuwa. Ina ɗora bidiyon wayar a layin aiki manhajar ta fara tsalle-tsalle, baki ya rabu da murya, bayan ɗan lokaci ta rufe, ta tafi da aikin da na yi. Na dawo da mafi yawansa daga kwafin da take ajiyewa da kanta, na kuma rage tazarar ajiyar daga minti 15 zuwa 5.

Wannan karon na bi abin a hankali. Bidiyon wayar da H.265 aka matse shi, wanda ke wahalar da tsohuwar kwamfuta irin tawa. Sannan wayoyi ba sa tsayawa a kan adadin firam ɗaya, wato yawan hotunan da suke ɗauka a kowace daƙiƙa, in haske ya yi ƙasa sukan rage, in ya ƙaru su ƙara, falon kuwa ba shi da haske sosai. Aikina a firam 25 yake a daƙiƙa, irin tsarin talabijin ɗinmu na nan da ya dace da wutarmu mai zagaye 50. Na sa shi a HandBrake, manhajar juya bidiyo, na mayar da shi H.264, na kafe shi a 25 ba hawa ba sauka. Yana juyawa na leƙa ma'ajiyar cikin kwamfutar, saura giga 3 kacal, tarkacen wucin gadi da manhajar ke tarawa tun bukukuwan bara sun cinye wurin. Na share su, na karkatar da sababbi zuwa ma'ajiyar waje. Na cire guntun 00041 daga aikin gaba ɗaya, na sa cikakkensa da muka ceto. Da na taɓa ƙasan kwamfutar kuma zafi rau, sai na kashe ta, na kwance murfin. Ƙurar hunturu ta yi dam a bakin fanka kamar auduga, yaron ya riƙe fankar da tsinke don kada ta juya, ni kuma na hure ta da bulowa. Tun daga nan ba ta sake rufewa ba.

Haɗin ya ci min kusan awa biyu. Bidiyon yarinyar a tsaye yake, hannunta na rawa, gefen labule ya tare kusurwa ɗaya. Na daidaita shi da nawa ta wurin wani ɗan tari da Kaka ta yi, wanda ya fito a duka biyun. Na cike gefe da gefe da hoton da aka dusashe, na ɗaga murya, na rage ƙarar fankar sama. Duk wanda ya kalla zai ga inda kyamara ta tsaya waya ta karɓa, ban yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Da babu gara ba daɗi.

Na kalli wurin ya fi sau goma. Tsohuwar ta jawo bakin mayafinta, ta yi ta fama da ƙullin da yatsu masu karkarwa, amarya ta miƙa hannu za ta taya ta, ta ture hannun a hankali. Da ƙullin ya kwance ta ɗauko zoben, ta gwada a yatsa ɗaya bai shiga ba, ta mayar ƙaramin. Ta ce, "Ni da shi na shiga, ban fito ba sai da aka fitar da mai gidan." Daga inda yarinyar ta tsaya har an fi ganin fuskar Alhaji, lokacin da ya sunkuyar da kai ya sa gefen babbar riga a ido. Kyamarata tana bayansa a lokacin, ba ta taɓa samun wannan ba.

Yaron bai tafi gida ba, na ce ya tafi ya ƙi. Yana gefe yanzu da biro da littafi, yana gwada yawan fayiloli da nauyin foldar buɗar kai da abin da ke cikin kwafin katin, ya ce sun yi daidai har bayit na ƙarshe. Na tura wa Hajiya saƙo cewa wurin zoben ya samu, ta amsa da addu'a mai tsawo.

Ya kai kashi 94. Gobe in Allah ya kai mu zan fara shiga kasuwa neman batir da ma'ajiya ta biyu, sannan in dawo kan buɗar kai.