Rahoto ɗaya da ya rufe mana bakin kasuwar shanu

Hausa ce ta sa aka tura ni aikin tattara bayanan tsaro a arewacin Ghana a 2019, lokacin da hare-haren masu iƙirarin jihadi suka fara gangarowa kudancin Burkina Faso. Ni haifaffen Nima ne a Accra, kuma daga Bawku zuwa Paga, garuruwan bakin iyaka, da Hausa ake yawancin cinikin shanu da albasa. Aikina shi ne in zauna a kara da tashar 'yan babura cikin kayan gida in kasa kunne: wa ya sayi jarkokin fetur fiye da ƙima, wa ke neman takin zamani ba lokacin noma ba, wane baƙo ne ya zo neman maganin rauni ya ƙi zuwa asibiti.

Iyakar Ghana da Burkina Faso ta kai kusan kilomita 600, cike da ɓarauniyar hanya. Jirgi maras matuƙi zai nuna maka babura uku a daji, amma ba zai gaya maka ko 'yan fasa-ƙwauri ne, ko masu zuwa biki, ko mayaƙan JNIM, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi mai alaƙa da Al-Ƙa'ida, ba. Wannan sai makiyayi, domin shi ne ke kwana a dajin.

Da ƙyar na samu wani dattijon Bafulatani ya saki jiki da ni, har yana sanar da ni duk baƙuwar fuskar da ta ratsa mashaya. Ana nan sai wani mai kawo labari, wanda ake biya kan kowane rahoto, ya ce ƙanen dattijon yana kai wa mayaƙa fetur. Na roƙi a jinkirta a bincika, amma wani babba ya ce umarni ya riga ya fito. Aka ɗauke yaron ranar kasuwa, a gaban jama'a. Daga baya ta bayyana cewa shanunsu ne suka taɓa yi wa mai rahoton ɓarna a gona. An saki yaron, amma da na je ban haƙuri, dattijon ya ce, "Ɗana, mu yanzu ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba." Daga ranar, ina shiga kara sai hira ta koma kan farashin dusa.

Har yau abin yana ci mini rai, domin an yi ta taron Shirin Accra da aka kafa a 2017 don ƙasashe su riƙa musayar bayanai, alhali bayanin da ake taƙama da shi daga bakin irin wannan dattijo yake fitowa.

Ƙannena a aiki da ke zuwa wurina a Nima kafin a tura su, nakan ce musu kada su yarda da biyan mutum kan yawan rahoto, kuma kafin su rubuta sunan kowa su binciki rigimar gona, ta bashi ko ta sarauta da ke tsakaninsa da wanda ya kawo sunan. A yankin Bawku, inda rikicin sarauta ya raba gari, wannan binciken kan ɗauki makonni.