Harawar da na yi shekaru ina kyautarwa

Shekara uku na yi ina noma ban san faɗuwa nake yi ba. Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma a rumfa ko yadi ɗaya aka yanka sai na rubuta. Amma gonar da muka gada a wajen Gezawa, wadda 'yan'uwana suka ce in riƙe tunda ni ne mai zumuɗi, ban taɓa buɗe mata littafi ba. In Baffa, wanda ke kula min da gonar, ya bugo waya ya ce ana son kuɗin huɗa, in tura. Kuɗin 'yan ƙodago na noman firi, in tura, na maimai ma haka. Da kaka a sauke buhuna a soro, maƙwabta su leƙo suna "Allah ya sa albarka", ni kuma kaina ya yi girma. Wannan shi ake ce wa noman waya, kuma masu yin sa a cikin birnin nan muna da yawa.

Abin da ya farkar da ni cire tallafin man fetur ne a ranar 29 ga Mayun 2023, daidai faɗuwar damina. Kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Wata rana da daddare ina ƙorafin kuɗin taki sai uwargida ta ce, "Alhaji, wai buhun masarar nan nawa yake tsaya maka?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, babu amsa. Washegari na sayi littafi irin na 'yan makaranta. Duk abin da ya fita sai na rubuta, har man da nake sha in na je duba gona, har goron da nake kai wa Baffa.

Da aka yi girbi na raba kuɗin da yawan buhunan. Da kasuwar hatsi ta Dawanau na tafi na sayo masarar nan, da ta fi min sauƙi.

Na fara zargin Baffa a zuciyata, Allah ya yafe min, don ko kwano ɗaya bawan Allahn nan bai ci ba. Da na kwana biyu a ƙauyen na ga abin da idona. Gonar ta gaji. Ƙuduji ya mamaye ɓangaren dawa, jan furensa ya yi kyau kamar an shuka shi da gangan. Iri kuwa duk abin da aka samu a kasuwa shi ake shukawa. Sai kuma na hangi wani mai amalanke yana loda harawar wake daga bakin gonarmu. Na ce, "Baffa, wannan fa ina za ta?" Ya ce, "Ai ba ka taɓa tambayarta ba, ɗan nan. Kai hatsi kake tambaya." Ni kuwa duk bazara sai na sayi harawa ƙulli-ƙulli a bakin titi in ba ragon layyata, ina ta mitar tsadarta. A wannan kakar na ce kada a bari ko tsinke ya fita.

Wani malamin gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, da ke zagaya yankin ya zo ya taka gonar tare da mu. Bai ce mu ƙara taki ba, cewa ya yi mu daina ɓarnar wanda muke sayowa. Yuriya da ake watsawa a saman ƙasa a tafi, rana da iska suna kwashe kaso mai yawa na amfaninta. Sai an tona ɗan rami a gefen shuka an binne ta, ƙasa kuma da danshi. Kamfa, wato takin NPK, a farko, bayan shuka ta yi kamar sati biyu, yuriya kuma wajen sati biyar zuwa shida. Ƙuduji a tuge shi kafin ya zubar da 'ya'ya, don 'ya'yansa suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran dawa ko gero ko masara. Ya kuma nuna mana tsarin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan Kano suka daɗe suna koyarwa: kunya biyu ta hatsi, kunya huɗu ta wake, maimakon a cusa wake jefi-jefi a ƙarƙashin dawa inuwa ta danne shi. Wake yana samun rana, feshi yana sauƙi, badi kuma a juya, hatsi ya koma inda wake ya bar ƙarfi a ƙasa. Irin wake muka nemi na SAMPEA da ya fito daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wanda ke ba da ƙwaya ya kuma ba da harawa.

Baffa bai so ba. Ya ce tun yana yaro ba a raba dawa da wake kamar masu gaba. Sai da muka yi sulhu a kan rabin gona.

Harawar da na tara ita ta kai ni kiwo. A watan Maris na 2024 na sayo raguna shida, huɗu 'Yankasa, biyu Uda, na turke su a kangon da ke bayan gidanmu, da niyyar Babbar Sallah da ta kama 16 ga Yuni. A nan na yi kuskuren da har yanzu yake min ciwo. Bayan sati uku na ga wani rago mai arha a hannun dillali, idonsa da ɗan kwantsa, ya ce min gajiyar hanya ce. Na kawo shi na haɗa da sauran a ranar. Kafin kwana goma majina ta tsinke musu, sai zawo, sai miki a baki, ba sa iya cin komai. Likitan dabbobi da ya zo ya ce annobar nan ce ta tumaki da awaki da suke kira PPR, ba ta da magani sai dai a tallafa wa dabba da allurai ko za ta tashi. Rigakafinta kuwa akwai, ana yin sa a Vom ta jihar Filato, kuɗinsa bai kai na ƙullin harawa biyu ba. Raguna biyu suka mutu, har da baƙon. Sauran suka rame, abincin wata guda ya tafi a banza. Shekarar nan da kyar na mayar da uwar kuɗi.

Tun daga nan ba na sa sabuwar dabba cikin tsofaffi sai ta yi sati uku a ɗaure ita kaɗai, an yi mata rigakafi, an ba ta maganin tsutsar ciki. Ina kuma buɗe baki in duba haƙori da kaina, don ragon da bai kai shekarun layya ba ko ya kai maraƙi girma masu saye ba za su ɗauka ba, tsoho tukuf kuma cin abinci kawai zai yi ba ya ƙara nama.

A kiwon turka abinci ne ke cinye riba, kuma a nan ne lissafin gona da na garke suka haɗu. Babbar Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara. A 2025 ta faɗo 6 ga Yuni. Ma'ana wata ukun da ake ɗaure rago a yanzu suna faɗawa cikin bazara, lokacin da daji ya bushe ƙayau, harawa ta zama zinare. Wanda zai saya a lokacin, rabin ribarsa ta mai harawa ce. Ni tawa tun kaka na yanke ta da sauran kore a jikinta, aka shanya, aka naɗe, aka kawo birni. Shekarar farko a saman soro na jibge ta kamar yadda ake yi, rana ta cinye ta ta yi fari, ganyen ya kakkaɓe ya bar kara. Yanzu a ɗaki take, a kan katako. Kowar wake ma, wato ɓawon da ke fita wajen sussuka, buhu-buhu nake tarawa. Dusa kaɗai nake saye, sai ɗan ƙuli, kanwa da gishiri. Ruwa kuwa kada ya yanke musu.

Kashinsu kuma ba shara ba ne. Kakanninmu sun san wannan: jakuna ne suke fita daga cikin ganuwa da mangaloli cike da taki zuwa gonakin karkara, su dawo da itace, shi ya sa gonakin kewayen Kano ake noma su shekara da shekaru ba hutu. Mu ne muka zo muna biyan almajiri ya kwashe ya zubar a bola. Yanzu duk Juma'a ana share kangon a ɗura a buhu, wanda ya rage min faɗa da maƙwabta a kan wari, kafin damina kuma motar da za ta tafi ƙauye ta tafi da shi. Inda aka zuba takin nan ko makaho ya shafa dawar zai gane.

Wajen sayarwa ma na daina jiran jajibere. Kai rago kasuwa akwai kuɗin mota, akwai la'ada, akwai wuni a rana dabba tana zubar da ƙiba, in kasuwa ta juya kuma ka sayar dole don ba ka son dawowa da shi. Yanzu tun saura wata guda mutanen majalisarmu da abokan kasuwa suke zuwa gida su zaɓa, su ba da kafin alƙalami, in ci gaba da ciyarwa har jajibere. A 2025 raguna takwas na ɗaure, babu wanda ya taka kasuwa, kuma su ne suka rufe ramin da hatsi ya haƙa min.

Don hatsin ya haƙa min rami. Na riga na haddace karatun nan na kada ka sayar da kaka, ka jira bazara. Wake na zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki iska ce za ta ƙare musu su mutu, ba sai an jefa ƙwayar bom ko an yayyafa fiya-fiya ba. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, mu kuma a gida muke dafa shi mu ba yara. Buhun ya yi aikinsa, wata shida na buɗe wake fes, ɓera kawai za ka tsare. Kasuwar ce ba ta yi nata ba. Gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, aka kuma samu kaka mai kyau, sai farashin hatsi ya riƙa sauka a 2025 maimakon hawa. Masarar da na ɓoye na sayar da ita ƙasa da kuɗin da aka taya min ranar girbi. Yanzu kashi uku nake yi bayan an fitar da zakka: na ci a gida, na sayarwa nan take don a biya bashin ƙodago, na ajiya. Wanda ya san kuɗin da buhu ya tsaya masa, in an taya shi da riba ya saki wani abu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mu mutanen birni muka kasu biyu a kan noma. Wasu in an ce manomi sai su hango talauci da faso. Wasu kuma sun ga bidiyo a Facebook wani ya tsaya a cikin koriyar gona yana lissafa miliyoyi, sun ɗauko jarinsu za su zuba. Duka biyun ba su taɓa ganin littafin gona ba. A rediyo ma an fi jin labarin ƙaddamar da rabon taki a kan a zauna da manomi a ce nawa ka kashe, nawa ka samu. Duk wanda ya same ni a rumfa ya ce yana son shiga noma, littafin nake miƙa masa, in buɗe masa shafin ragunan da suka mutu tukuna. Mutum biyu sun fasa. Ɗaya ya fara da tumaki biyu a gidansa a Ɗorayi, kuma ina ganin shi zai daɗe. Yarana ma na fara tafiya da su ƙauye in an yi hutu, bayan ranar da babban ya nuna zangarniyar gero ya tambaye ni ko ita ce alkama, Baffa ya yi dariya har da hawaye.

Bana Baffa ya yarda a yi wa gonar duka kunya biyu da huɗu, amma ya ware wani lungu ta gabas ya ce gero za a sa, irin na gidanmu da yake ajiyewa a rumbu. Na nuna masa a rubuce cewa lungun nan wake zai fi kawo kuɗi. Ya karɓi littafin ya jujjuya, ya miƙo min, ya ce, "To da azumi sai ka dama takardar ka sha." Na buɗe sabon shafi na rubuta "geron Baffa" a samansa, na bar wajen riba babu komai.